Yadda ake mayar da ruwan sama cikin ƙasa don kada rijiya ta ƙafe da rani

Tambayar da masu karatu suka fi aiko mini da ita daga Kano, Zariya, Gusau, Katsina har zuwa Maraɗi ita ce wannan: rijiyar da a da take kai mu har faɗuwar damina, yanzu tun watan Maris take ƙafewa, alhali a Agusta ruwa ne ke cin gidaje, to mene ne abin yi? Wasu sun ƙara wa rijiyarsu gaba biyu ko uku, wasu sun haƙa burtsatse, bayan ƴan shekaru ita ma ta fara jan iska.

Dalilin a taƙaice shi ne yanayin saukar ruwa ya sauya. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa manyan hadura masu sauke ruwa da ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ruwan da zai sauka a hankali cikin kwanaki yanzu yakan zubo cikin awa biyu. Ya tarar da tsakar gida an yi mata daɓen siminti, an cike kududdufin unguwa an yi shaguna, gona ta zama fako, sai ya bi lambatu ya wuce. Ga zafi na ƙaruwa yana ƙafar da abin da ya rage, ga injinan sola suna zuƙar ruwa daga safe har yamma. Ana ɗiba, ba a mayarwa.

Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda magidanci zai tare ruwan rufinsa, ya tace shi, ya ba ƙasa ta sha ta wani rami da zai haƙa ya jera masa dutse, tsakuwa da yashi, sannan abin da unguwa da manomi za su iya yi. Ka riƙe abu ɗaya tun daga farko: ruwan da ka tura ƙasa ba naka ba ne kai kaɗai, maƙwabcinka zai ja shi da guga ya ba ƴaƴansa. Duk wanda ba zai iya kiyaye matakan tsafta da ke ƙasa ba, ya haƙura da aikin gaba ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

1. Fara da sanin ƙasar da kake kai

Kafin ka sayi ko bututu ɗaya, nemi tsohon mahaƙin rijiya na yankinku ka zauna da shi. Ka tambaye shi: Baba, a nan unguwar gaba nawa ake yi kafin a tarar da ruwa? Me ake ratsawa, jigawa ce, laka ce, marmara ce? A gaba na nawa ake cin karo da dutse? Amsoshinsa sun fi maka duk wani zane da za ka gani a intanet, domin shi ya shiga cikin ƙasar da hannunsa.

A Kano, Zariya, Kaduna da yawancin Bauchi da kudancin Katsina, dutse ne mai tauri a ƙasa. Ruwan yana zaune ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa da cikin tsage-tsagensa. Ma'ajiyar ƙarama ce, shi ya sa take saurin ƙarewa da rani, amma kuma tana saurin amsawa idan aka ba ta ruwa. A irin wannan ƙasa aikin nan ya fi nuna amfani. A ƙasar Sakkwato da Kabi, da ɓangaren Tafkin Chadi kamar Maiduguri, shimfiɗu ne na yashi da laka hawa-hawa. Ramin gida zai taimaki ruwan sama-sama da rijiyar guga ke sha, amma ba zai kai ga ruwan da ke ɗaruruwan mita a ƙarƙashin laka ba, wanda ya taru tun dubban shekaru. Kada wani ya karɓi kuɗinka da alkawarin zai cika maka doguwar burtsatse da rami mai mita biyu.

Sai ka auna rijiya mafi kusa da kai sau biyu: a ƙarshen Afrilu lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, da ƙarshen Agusta ko farkon Satumba lokacin da ya fi tasowa. Ɗaura ƙaramin dutse a igiya, ka saki har ka ji ya taɓa ruwa, ka yi alama daidai bakin rijiya, ka auna da tef.

Gargaɗi: idan a lokacin malka ruwan rijiyar yakan taso har ya rage ƙasa da mita uku da rabi zuwa baki, wurinka ba ya bukatar ramin nan. Ƙasar ta riga ta ƙoshi, ƙara mata zai jiƙa tushen gini ya kuma tayar da ruwan masai. Kai tanki ya kamace ka.

2. Lissafa ruwan da rufinka ke zubarwa

Lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Auna tsawo da faɗin ginin daga ƙasa, ka ninka. Gida mai mita 10 sau 10 yana da murabba'in mita 100. Inda ruwan shekara ke kai milimita 800, kamar yadda ake samu a Kano da kewaye, wannan rufi yana karɓar lita 80,000. Cire kashi ɗaya cikin biyar na fantsama da yoyo da ƙafewa, saura lita 64,000. Jarkar ƴan ga-ruwa mai lita 25 guda 2,560 ke nan, daga gida ɗaya, kowace shekara suna bin kwata. A Sakkwato da ruwa ke wajen milimita 600, ko Maraɗi da Damagaram da yake tsakanin 400 da 500, sai ka sauya adadin ka sake ninkawa.

Amma girman rami ba da ruwan shekara ake yanke shi ba, da ruwan dare ɗaya ake yi. Ɗauki babban ruwa mai milimita 50: wannan rufin zai sauke wajen lita 4,000 cikin ƴan awanni. Riƙe wannan adadi, za mu bukace shi a mataki na bakwai.

3. Zaɓi wurin rami

A nan ne aka fi yin kuskuren da ba ya gyaruwa, don haka zan daɗe a kansa.

Nisa da masai da sokawe shi ne na farko. Ƙa'idar da masu aikin ruwa da tsafta ke bi ita ce mita 30 tsakanin masai da wurin ɗibar ruwa, wato taku arba'in na babban mutum. Ka yi amfani da wannan nisa ga raminka. Dalili kuwa, ramin yana tura ruwa mai yawa cikin ƙasa a wuri ɗaya, kuma ruwan yana tafiya gefe, ba ƙasa kawai ba. Idan ya ratsa ta gindin masai, zai kwashi ƙazantar da ta yi shekaru a zaune ya kai ta rijiyar da ke gaba. Ta haka ake samun amai da gudawa da taifot a gidan da ruwansu garau yake a ido. Kuma ba masanka kaɗai za ka duba ba. Leƙa bayan katanga ta ko'ina, ka tambayi maƙwabta inda nasu yake, har da tsofaffin da aka rufe aka yi ɗaki a kai.

Na san a cikin birni, inda fuloti bai fi ƙafa 50 sau 50 ba kuma kowane gida da shaddarsa, wannan nisa ba ya samuwa. Idan haka ne, kada ka matsa. Tara ruwanka a tanki, ka saki ragowar a gindin bishiya ko ƴar kwarin fulawa mai zurfin taƙi ɗaya, inda zai bi ta ƙasar sama a hankali. Babban ramin kuma ku haɗu ku yi shi a filin makaranta ko masallaci, kamar yadda zan faɗa a gaba.

Na biyu, nisa da gini. Bar aƙalla mita biyar tsakanin rami da tushen ginin siminti, naka da na maƙwabci. Ginin ƙasa kuwa a ƙara nisa, kuma ramin ya kasance ta gangaren da ruwa ke barin gidan. Ƙasa mai baƙar laka da ke tsagewa da rani ta kumbura da damina, irin ta firgi a Barno, ba ta dace ba sam.

Na uku, tarihin wurin. Ba a haƙa ramin nan a tsohuwar bola, ko garejin da ake zubar da baƙin mai, ko kusa da tankin gidan mai, ko marina, ko inda ruwan majema ke bi kamar wasu sassan Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano. Haka garuruwan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gida. Kowa ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ƙurar da ke kan rufi da tsakar gida a irin waɗannan wurare ba abin turawa ƙasa ba ce.

Idan kana da rijiya a gida, ramin ya kasance mita uku zuwa biyar daga gare ta, ta ɓangaren tudu. Haka ruwan zai ratsa ƙasa ya ƙara tacewa kafin ya iso idon rijiyar.

4. Gwada ko ƙasar tana sha

A daidai wurin da ka zaɓa, haƙa gwaji mai zurfin mita ɗaya. A gindinsa ka sake haƙa ƙaramin rami mai faɗi da zurfin santimita 30. Cika shi da ruwa da yamma ka bar shi ya kwana, domin busasshiyar ƙasa tana yaudara, takan shanye ruwan farko da sauri ko da ba ta da kirki. Da safe ka sake cikawa, ka kafa sanda mai alama, ka duba agogo.

Idan ruwan ya ƙare cikin awa huɗu zuwa shida, ƙasarka mai kyau ce. Idan ya kai yamma kafin ya ƙare, za a iya, amma ramin sai ya fi faɗi. Idan washegari ka tarar da ruwa kwance, laka ce ko marmara mai tauri. Koma wurin mahaƙin rijiya ka ji ko akwai yashi ko burji kusa a ƙarƙashinta. In babu, sauya wuri.

5. Kayan aiki da kuɗi

Farashi yana motsi kusan kowane mako, saboda haka ka riƙe yawan kayan ka je kasuwa da shi. Ga gida mai rufin murabba'in mita 100 za ka bukaci: indararo na kwano ko na roba gwargwadon tsawon bakin rufi, da ƙarafan riƙe shi; bututun roba mai inci huɗu guda uku zuwa biyar, da gwiwoyinsa da gam; durom ɗaya mai lita 200 da ƙaramin famfo; ragar sauro ta waya; bulo wajen hamsin da siminti buhu uku zuwa huɗu; ƴan sandunan rodi na murfi; manyan duwatsu kamar rabin tifa; tsakuwa baro goma; yashin rafi mai kauri baro takwas. Kayan hannu su ne diga, shebur, baro, kwanon sarki, igiya da tef.

Abin da ya fi cin kuɗi shi ne indararo da bututu idan gidan ba shi da su, sai dakon dutse. Haƙa aikin leburori biyu ne na kwana biyu ko uku, birkila kwana biyu, mai haɗa famfo yini ɗaya. Inda za ka rage kashewa shi ne dutse: fasassun bulo da ɓaraguzan kankare masu tsafta suna iya zama a ƙasan rami. Inda ba a ragewa kuwa shi ne murfi da raga.

Gargaɗi: kada a cika rami da tsofaffin tayoyi, ɓaraguzan banɗaki, ko kwanon rufi na asbestos da aka farfasa. Yashin kuma a wanke shi a baro har ruwan ya fita fari. Yashin da ke da laka zai toshe ramin tun damina ta farko.

Lokacin aiki shi ne Maris zuwa farkon Mayu, ƙasa a bushe, leburori ba su tafi gona ba.

6. Haɗa indararo da wurin zubar da ruwan farko

A kafa indararo da ɗan gangare zuwa inda bututu zai sauka, kamar santimita ɗaya a kowace mita. A bakin bututun a ɗaura raga don tare ganye da fuka-fukai. Idan reshen darbejiya ko mangwaro ya rufe kwanon, a sassabe shi.

Wata bakwai ko takwas rufinka yana tara ƙurar hunturu, kashin tantabaru da ƙadangaru, har da mushen ɓera. Ruwan farko da na biyu na shekara, a cire bututun gaba ɗaya a bar su su wanke kwano su tafi. Daga nan kuma, a kowane ruwa akwai na farkon da ya kamata a ware, kimanin lita ɗaya zuwa biyu a kan kowane murabba'in mita. Aikin durom ke nan. Bututun da ya sauko daga rufi ya shiga durom ta sama. A huda gefen durom kusa da baki a fitar da wani bututu zuwa rami. Ruwa mai datti zai fara cika durom, sai wanda ya biyo baya ya wuce. A gindin durom a sa famfo.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mantawa da juye durom. In ya kwana a cike, ruwan gobe da dattinsa zai wuce kai tsaye. A ɗora wa yaro ɗaya a gida alhakin buɗe famfon bayan kowane ruwa, a yi shara ko ban ruwan shuka da shi. Durom ya kasance a rufe ruf saboda sauro da ƙananan yara.

Mai hali ya sa tanki tsakanin durom da rami. Iyali su fara amfana da ruwan wanki da wanka, abin da ya tumbatsa ya tafi ƙasa. A ganina wannan tsari ya fi kowane, domin matan gida suna ganin amfaninsa tun ranar farko, kuma abin da suke amfana da shi ba sa bari ya lalace.

7. Haƙa ramin da jera shi

Kafin babban rami, birkila ya gina ƙaramin akwati na bulo, santimita 60 sau 60, zurfi 60, a shafe cikinsa da siminti. Bututun shiga da na fita duk su kasance ta sama, na fitan da raga a bakinsa. A nan laka da yashin da suka tsere wa durom za su kwanta. Wannan ɗan akwatin shi ne ke tsawaita ran ramin, kuma shi ne abin da masu gaggawa ke tsallakewa.

Babban ramin a yi shi mita ɗaya da rabi sau ɗaya da rabi, zurfi mita biyu. Gindinsa ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan rijiya ke kaiwa a Agusta, domin wannan ƙasar da ke tsakani ita ce matatar gaskiya. Kada a daɓe gindin, kada a shafe bango. A karce su da diga ma, saboda shebur yakan goge laka ta yi santsi ta hana ruwa shiga.

Gargaɗi: rami a jigawa yana ruftawa ba tare da sanarwa ba. Da zarar ya wuce ƙirjin mutum, a kwantar da bakinsa ko a tokare bango da katako. Ƙasar da aka fitar a zuba ta nesa da baki. Kada mutum ɗaya ya yi aikin shi kaɗai, kuma kada a bar rami a buɗe da dare a gidan da ke da yara ko dabbobi.

Jerin daga ƙasa zuwa sama: manyan duwatsu, daga girman dunƙulen hannu zuwa sama, tsayin santimita 80, tsakuwa santimita 40, a shimfiɗa raga ko buhun da ruwa ke ratsawa, yashi mai kauri santimita 30. Rabin mitan da ya rage a sama a bar shi fili, a kewaye shi da bulo har ya ɗara ƙasa da taƙi ɗaya don kada ruwan tsakar gida ya kwararo ciki. Inda bututu ke zubowa a aza faffaɗan dutse a kan yashin, in ba haka ba ƙarfin ruwa zai tone shi. A rufe da murfin kankare mai rodi, a bar ƙaramar ƙofa da babba zai iya ɗagawa amma yaro ba zai iya ba.

Yanzu koma kan lita 4,000 ɗin nan. Ramin da aka cika da dutse kashi ɗaya cikin uku na girmansa kawai yake ɗaukar ruwa, sai filin da aka bari a sama. Wannan namu zai riƙe wajen lita 2,000 a lokaci guda, ƙasa kuma tana sha yayin da ruwa ke sauka. Zai ishi yawancin ruwan damina, amma babban ruwa zai fi ƙarfinsa. Saboda haka dole a fitar da bututun ambaliya daga saman ramin zuwa gindin bishiya ko lambatu, da raga a bakinsa, kuma ya gangara waje yadda ruwan lambatu ba zai dawo ta cikinsa ba. Mai babban rufi ya yi rami biyu, ɗaya a kowane ɓangare. Faɗi ya fi zurfi amfani a wannan aiki, kuma ya fi aminci.

Ruwan rufi kaɗai ke shiga ramin nan. Ban da ruwan wanka, ban da na wanke-wanke, ban da na turken awaki.

8. Tsohuwar rijiya da burtsatsen da ta mutu

Da yawa suna tambaya ko za su juya bututu cikin tsohuwar rijiyar da ta ƙafe, tunda ga rami a shirye. Ana yi, amma haɗarinsa ya fi yawa, domin ruwan yana isa ƙasa ba tare da ya ratsa komai ba. Sharuɗɗan su ne: a tabbata ba a taɓa mayar da ita masai ko wurin zuba shara ba, a yashe ta, ruwan ya bi ta durom da akwati da kuma matatar yashi da tsakuwa da aka gina a waje kafin ya faɗa, sannan a rufe bakinta.

Gargaɗi: tsohuwar rijiya tana tara iskar da ke kashe mutum cikin mintuna. A buɗe ta kwana ɗaya ko biyu, a zura fitila mai wuta da igiya, in ta mutu kada kowa ya shiga. Mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, mutum biyu a sama. Ba a kunna injin fetur a cikin rijiya ko a bakinta. In wani ya faɗi a ciki, kada na biyu ya bi shi da sauri, ta haka ake rasa mutum uku a gida ɗaya.

Burtsatse kuwa kada ka zuba mata komai da kanka. Wannan sai da masanin ruwan ƙasa. A Nijeriya a tuntuɓi hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha, a Nijar ofishin ma'aikatar ruwa na yanki.

9. Abin da unguwa za ta yi

Gaskiya ita ce rami ɗaya ba ya ɗaga ruwan unguwa, musamman idan akwai burtsatse goma a layin. Sai an yi yawa. Manyan rufuna su ne na masallacin Juma'a, makarantar firamare, Islamiyya da asibiti, kuma su ne ke da filin da za a samu nisa da masai. A kai maganar wurin mai unguwa da liman, a yi gayya a haƙa, masu hali su sayi bututu. Ruwan alwala a ba shi hanyarsa daban zuwa bishiyoyi. Duk tankin sola da ke tumbatsa yini guda yana zuba a titi, a sa masa abin da ke tsayar da ruwa idan ya cika. Mai yin daɓen tsakar gida ya bar ko da kashi ɗaya cikin uku ƙasa ce ko tsakuwa.

Sai kududdufi. A yankin Yamai masu bincike sun auna cewa ruwan ƙasa ya taso da kusan mita huɗu tsakanin 1963 da 2007, duk da farin shekarun 1970 da 1980. Dalilin da suka gano shi ne ruwan da ke gudu daga gonaki yana taruwa a tafkuna, daga gindinsu yake nutsewa. Wato ruwa mai ƙarfin nan da muke kuka da shi yana iya zama alheri in ya samu inda zai tsaya. A can Haɗeja da Nguru kuma an ga akasin haka: bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke malale fadama ta ragu, ruwan da ke sauka ƙasa ya ragu tare da ita. Saboda haka duk kududdufin da aka cike aka yanka fuloti, rijiyoyin kewaye ne ke biya. Wanda ya rage a unguwarku a hana zuba masa shara da ruwan masai, a yashe lakar gindinsa da rani a kai gona, a yi ƙaramin rami a mashigarsa don tare laka, a kewaye shi saboda yara.

10. A gona

Manomi ba ya bukatar siminti. A fako, a haƙa tassa da rani: ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, taku ɗaya tsakani, a tara ƙasar ta ɓangaren gangare, a zuba taki cikin hannu biyu a kowane. Inda gangaren ya fi, a yi rami mai siffar rabin wata mai faɗin mita huɗu, bakinsa yana kallon tudu, layi na biyu ya toshe tsakanin na farko. In akwai dutse, a jera shi a gicciye bisa layin da tsayinsa ɗaya, ana nemo layin da siririn tiyo mai ruwa a ciki da sanduna biyu. Kullum daga saman gona ake farawa. Wanda ya fara daga ƙasa, ruwan farko zai kwashe masa aikin.

Manoman Illela da Badagishiri a jihar Tawa sun ɗauki wannan aiki tun ƙarshen shekarun 1980, kuma masu bincike sun ba da rahoton cewa a ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya taso da wajen mita 14 cikin shekara goma, har mata suka kafa lambuna. Tare ƙorama da bangon dutse ko siminti shi ma yana aiki sosai, an yi da yawa a kwarurukan Tawa, amma wannan sai da injiniya da yardar mutanen da ke ƙasa da ku.

11. Kulawa da aunawa

Bayan kowane babban ruwa a juye durom, a share raga. Sau ɗaya a wata a kwashe lakar akwati. Washegarin ruwa a ɗaga murfi a leƙa: ya kamata ruwan ya sauka aƙalla rabi cikin kwana ɗaya, ya ƙare cikin kwana biyu zuwa uku. In ya fara daɗewa, yashin ya toshe. A kankare santimita biyar zuwa goma na sama, a wanke ko a sauya. Ko bai toshe ba, a yi haka kowane Afrilu tare da share indararo.

Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta zurfin ruwan rijiyarka ranar ɗaya ga kowane wata, da asuba kafin a fara ja. Rubuta kuma ranar da ta ƙafe da ranar da ta dawo. Damina ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, sai ka kwatanta Afrilun bana da na baɗi da na shekarar da ke biye.

Ruwan sha kuwa a ci gaba da tafasa shi ko sa masa maganin kilorin, rami bai ɗauke wannan ba. A farkon damina da ƙarshenta a kai ruwan rijiyar ɗakin gwaji na hukumar ruwa ko na jami'a mafi kusa a duba ƙwayoyin cuta da sinadarin naitiret, musamman in akwai jarirai a gidan. Idan ruwan ya sauya launi, ko wari, ko ɗanɗano, ko aka samu mutum biyu da gudawa a mako ɗaya, a cire bututun daga rami nan take, a sanar da maƙwabtan da ke sha daga rijiyoyin kusa, a kira jami'in duba-gari ya zo ya gani kafin a mayar da shi.